Mutumin da Bai Taɓa Dasa Itace Ba

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga, wajen hantsi, sai mai ban ruwan lambu ya tsaya a ƙofar shagona. Ya ajiye garwarsa a ƙasa, ya ce, "Tela, Baba ya cika. Yanzu anka bugo waya daga Gummi." Na ɗauke ƙafata daga kan keken. Na yi salati, shi ma ya yi. Mun san ba shi da lafiya, don kwana goma ke nan da 'yarsa ta zo ta tafi da shi gidanta domin jinya, amma dukkanmu mun ɗauka zai dawo kafin ruwan farko. Rigar nan ban ƙarasa ta ran nan ba.

Baba shi ne babba cikin ma'aikata uku da ke kula da lambun gwamnati na bakin garinmu. Akwai shi, akwai mai ban ruwa, akwai wata dattijuwa mai shara. Lambun fili ne mai faɗi da ɗan tafki a ƙarshensa, inda balbelu ke sauka da damina. Tsofaffi sun ce lokacin da aka ba Baba wurin, juji ne da ƙaya. Ni dai da inuwa na same shi.

Abin da aka san Baba da shi shi ne bai taɓa dasa itace da hannunsa ba. Yakan raini dashe a cikin leda, ya haƙa rami, ya zuba taki, sannan ya zauna a kan kututture yana jiran mai wucewa. Duk wanda tsautsayi ya biyo da shi, sai ya kira shi ya miƙa masa dashe ya ce ya sa a rami. Da mutum ya rufe ƙasa sai Baba ya ce, "To, naka ne. In ya mutu kai ka kashe shi." Mutanen gari suna yi masa ba'a, suna cewa gwamnati ta ɗauki ma'aikaci, shi kuma ya ɗauki gari duka aiki. Ba ya musu. Idan rani ya tsananta yakan aika mai ban ruwa gida gida ya ce wa mutum iccensa na jin ƙishi. Har Fulanin da ke kora shanu ta bayan tafki sai da ya ba su gawo biyu, daga nan ba a ƙara ganin saniya ta kutsa shinge ba.

Ni ba a garin aka haife ni ba. Muna zaune ne a wani ƙauye kusa da Dareta, har shekarar da gubar dalma ta shiga gidajenmu daga dutsen zinarin da ake dakawa a tsakar gida. 'Yarmu ta fari tana cikin yaran da suka tafi. Ba ta cika shekara uku ba. Ba zan faɗi fiye da haka ba. Muka tattara keke da tabarmi muka dawo gari. Da Allah ya ba mu wata 'ya, uwarta ta hana ta taka ƙasa. Kullum tana goye, ko tana kan tabarma, har ta iya tafiya a kan gado kafin ta san tsakar gida.

Wata safiya ina wucewa ta bakin lambu da yadi a hammata, sai na ji an ce, "Kai, tela! Zo riƙe min wanga."

Na ce, "Baba, sauri nake yi."

Ya ce, "Rigar ba ta gudu. Riƙe."

Na karɓa. 'Yar tsamiya ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ya nuna mini rami da haɓarsa. Na durƙusa na sa ta, na tura ƙasa. Rabona da in taɓa ƙasa da tafin hannu haka, tun ranar da muka rufe yarinyar. Ya ce tawa ce, kamar yadda yake gaya wa kowa. Na ce ba na so. Ya dube ni, ya ce, "To wa kake so a rubuta wa ladar inuwar?" Sai na ji bakina ya ambaci sunan 'yata. Bai tambaye ni ko wace ce ba. Ya ce, "Danne ƙasar da kyau, kada iska ya shiga."

Bayan wata biyu na lallashi matata ta zo ta ga tsamiyar. Ta tsaya da goyo, ta ƙi zama. Baba ya tuɓe takalmansa ya tsaya a gabanta ƙafa ba kome, ya ce, "Ɗiyata, tun da nike nan ba a taɓa daka dutsen zinari bisa ƙasar ga ba. Sauke ta." Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kwance zani ta sauke yarinyar. Yarinyar ta ɗaga ƙafa ɗaya tana dubawa, ta ajiye, ta ɗaga ɗayar. Mai shara ta yi guɗa har tsuntsaye suka tashi.

Shekaru suka wuce, tsamiyar ta fi ni tsawo. Sai magana ta fito cewa wani attajiri ɗan garinmu, wanda ya daɗe yana harkarsa a birni, yana son gefen lambun da ke bakin hanya zai gina gidan mai. Gefen nan kuwa nan ne tsamiyata take, da kusan rabin itatuwan. Aka aiko wa Baba da gwangwanin jan fenti, aka ce ya shafa wa duk itacen da za a sare kafin masu awo su zo ranar Talata.

Na je na same shi, fentin yana ajiye a gindin kututture ba a buɗe ba. Na ce, "Baba, yanzu ya za a yi?"

Ya ce, "Ni mi ya shafe ni? Ina da icce a nan? Ko ɗaya ban dasa ba. Su tambayi masu shi."

Kwana uku shi da mai ban ruwa da mai shara suna zagaya gari. Ba su ce wa kowa ya yi faɗa ba. Saƙon da aka saba ji suka kai: iccenka na jin ƙishi, ranar Talata da safe.

Ranar Talata na rufe shago, na ɗauki bokiti, matata ta riƙo hannun yarinyar. Tun daga nesa muka hango mutane. Mahauci yana gindin darbejiyarsa, limamin unguwarmu yana gindin gwaibarsa da buta, mata masu ƙosai sun jeru a layin zogale, Fulani sun jingina da gawonsu da sanduna a kafaɗa. Akwai wanda ya taso tun daga Bukkuyum a kan babur saboda madacin da ya dasa lokacin yana aiki a garinmu. Kowa yana zuba wa nasa ruwa, ana ta gaisawa, kai ka ce ranar suna ce.

Mota ta tsaya, masu awo suka fito da igiyarsu da turaku, attajirin yana bayansu da babbar riga. Babban masu awon ya tambayi Baba ina alamar fenti. Baba ya ce shi ma'aikaci ne, ba ya shafa wa kayan mutane fenti, amma ga masu kayan nan a tsaye. Mutumin ya matso wurin mahauci ya ce, "Wannan na waye?"

Mahauci ya ce, "Nawa ne, ranka ya daɗe. Shekarar da na yi aure na dasa shi. Matar ta tafi, shi yana nan."

Aka fashe da dariya. Ya zo kaina. Na ce tsamiyar ta 'yata ce. Ya dubi yarinyar da ke kusa da ni, na ce ba wannan ba, yayarta. Sai ya wuce.

Suna isa bakin hanya, daidai inda za a kafa famfon mai, sai ga wata tsohuwa zaune a kan tabarma gindin wani babban mangwaro tana ɓare gyaɗa. Attajirin ya tsaya cak. Ya cire hula ya durƙusa, ya ce, "Inna, mi kike yi nan?"

Ta ce, "Ban ruwa na zo. Wanga mangwaro, ina goye da ƙanenka mutumen can ya tare ni ya sa na dasa shi. Kai kuwa ka sha 'ya'yansa har zawo ya kama ka. Ina gatarin? Ka fara ta kaina."

Ya ce, "Haba Inna, wallahi ban sani ba."

Ta ce, "Ina za ka sani, kana birni."

Ban taɓa jin dariya irin ta ran nan ba. Masu awo suka naɗe igiyarsu da kansu. Attajirin ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, yana neman hanyar mota, sai Baba ya tare shi da dashe a hannu ya ce, "Alhaji, riƙe min wanga." Akwai rami a shirye. Ya tattare babbar riga ya dasa a gaban kowa. Gidan man can gaba aka gina shi, bayan gari, a wani faƙo da ba ya fid da ko ciyawa. Fentin kuwa, ƙofar lambu aka shafa da shi.

Washegarin rasuwar Baba muka je Gummi ta'aziyya, mota biyu cike. Da muka dawo na bi ta lambu. Mai shara ta share ko'ina, mai ban ruwa yana aikinsa, yara suna tsintar tsamiya a gindin tawa. Ma'aikatan biyun nan su ma haƙƙinsu yana kanmu, don rana ɗaya ba su bar wurin ya bushe ba.

Mai ban ruwa ya kai ni gabas da tafki ya nuna mini abin da Baba ya bari. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya haƙa ramuka huɗu, ya zuba taki, ya ajiye dashe a leda kusa da kowanne. Bai gaya wa kowa waɗanda yake jira ba. Ruwan farko ya sauka makon jiya. Ramukan suna nan a buɗe, ba a dasa kome a cikinsu ba.