Wayar Azariya Tana Nok

Duk wanda ya taɓa yin aure ko jana'iza a Kafanchan ya san Mama Hulda. Ita ce mai ɗan shagon nan na bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake buga tsarin sujada da katin gayyata. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, amma bakinta bai yi ritaya ba. Ka kawo mata rubutu da kuskure, ta gyara rubutun, sannan ta juyo ta gyara ka.

Kwamfutar shagon mijinta ne ya haɗa, marigayi Azariya. Lokacin da kowa ke sa Windows na sata, shi na gaske ya saya da lasisinsa. Ya ce dattijon ikkilisiya ba zai buga waƙoƙin Ubangiji da kayan sata ba.

Hulda ta so injin nan, kuma son ne ya kashe shi. Ta saƙa masa riga da zaren ulu, irin wadda matan zumunta na coci ke lulluɓe talabijin da ita, ta rufe shi ruf har da ramukan shan iska. Ya yi ta aiki cikin zufa, har wata safiya ya fara warin ƙuna.

Doreen, mai shagon gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, ta ɗaga rigar ta yi dariya har da hawaye. Ta samo mata sabuwar kwamfuta, ta kwashe ayyukanta tsaf ta zuba a ciki. Saura lasisi.

"Mama, wannan lasisin yana bin mai shi ne, ba inji ba," in ji Doreen. "Za mu iya dawo da shi nan. Amma za su tura lambar shaida zuwa layin Baba. Ina wayar?"

 Wayar kuwa tana Nok, garinsu Azariya. Bayan an binne Azariya, dattawan gida sun raba kayansa bisa al'ada, waya ta faɗa hannun ƙanensa Kumai, manomin citta. Hulda ta so wayar don hotunan da ke ciki. Ran nan a gaban jama'a ta kira Kumai mai kwaɗayin kayan gawa. Tun daga ranar ko gaisuwar Kirsimeti ba ta shiga tsakaninsu ba.

"In ba haka ba, in sa miki irin na kowa," in ji Doreen. "Ba wanda zai sani."

Wannan kam Hulda ba za ta iya ba. Lasisin nan shi ne abu na ƙarshe da ke ɗauke da sunan mijinta a shagon, kuma ba ta yarda ya mutu a hannunta ba. Amma kiran Kumai ya yi mata nauyi ƙwarai. Kunya take ji, tana kuma tsoron a ce layin ya daɗe da mutuwa.

Ta danna lambar da ta haddace tun Azariya na raye. Ga mamakinta, ta shiga.

"Matarmu?" Muryar Kumai ce. "Ke ne?"

Ta yi masa bayani a gaggauce, kamar mai ba ɗalibi aikin gida, don kada kuka ya ƙwace mata. Ta ce ya karanto lambar in ta shigo.

"Ba zan karanta ba," ya ce.

Har za ta kashe wayar, sai ya ci gaba.

"Idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ki jira ni, ina zuwa."

Da rana ya iso a kan babur, jar ƙasa har gwiwa, da ƙullin citta a baya. Ya ciro wayar daga cikin leda. Ashe bai taɓa amfani da ita ba. Caji kawai yake yi mata, yana ɗan sa kati don kada a rufe layin.

"Na san wata rana za ki kira wannan lamba," ya ce. "Tawa ba za ki kira ba."

Saƙo ya shigo, Doreen ta shigar da lambar, sabuwar kwamfuta ta karɓi lasisin. Sunan Azariya ya fito a fuskar kwamfutar kamar yadda yake fitowa kullum. Kumai ya cire hularsa.

Hulda ta share ido, ta tura masa kujera da ƙafa.

"Zauna, Baban yara. Ka zo tun daga Nok, ka tsaya min a kai kamar baƙo?"

Ya ajiye wayar a gabanta, ya zauna.