Kawu, Kwamfutar Ta Sake Yin Ƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda duk layinmu ke kira Injiniya.

Kawu, kai ka riƙe shagona ba tare da ka taɓa faɗa ba. Keken surfanin da nake ciyar da 'ya'yana da shi ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar kwamfutar tebur. Bara da ta soma mutuwa ana tsakiyar aiki, masu gyara suka ce in jefar, alhali sabuwa ba ta karɓar keken. Kai ka kwance murfinta, ka hure ƙura, ka ce sai an sabunta 'yar manhajar da ke cikin babban allonta, wadda ke tashinta in an kunna. Ka gargaɗe ni cewa in wuta ta ɗauke ana cikin yi, allon ya mutu ke nan.

Don haka ka ciro batirin motarka don a ba ta wuta da shi, ka rungumo shi har saman bene inda shagon yake, kana haki. Ka soka mata filas, 'yar ma'ajiyar da ke ɗauke da sabuwar manhajar, ka dube ni ka ce, "Uwata, ko atishawa kada wanda ya yi." Muka zuba wa layin da ke rarrafe a fuskar kwamfutar ido, kai kana jan carbi. Da ta tashi, ka shafa gefenta ka ce, "Tsohuwa ta ga tsoho, ta ji kunya."

Ashe tun lokacin hakin nan ciwon zuciya ne. Da ka kwanta a asibiti, ina zaune gefenka ba abin da na iya sai gyara maka filo.

Jiya da safe na kunna ta, ta yi wata 'yar ƙara, fuskarta baƙi ƙirin. Kai da kunne kake gane abin da take nufi. Har na ɗauki waya na nemo lambarka kafin na tuna. Na zauna tsakanin rigunan mutane, ban san wa zan kira ba.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka da 'ya'yanka, da mahaifiyata da ta rasa ɗan'uwanta tilo. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.