Izinin da Ya Iso Bayan Yaya Habibu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Habibu, mai shagon buga takardu a Karaye, kuma sai a watan jiya aka ba shi izinin da ya nema.

Kwamfutarsa ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba ta san haruffanmu masu ƙugiya ba. Wata shekara ya buga katin walimar saukar karatu na mutanen Gwangwan, aka rubuta cewa kujerun gaba na "manyan baki" ne. Wani dattijo ya hau babur ya zo har shago, ya ce a nuna masa wanda ya auna bakinsa. Tun daga ranar, da biro Yaya yake bin kowane kati yana saka ƙugiya.

Wani makaniken kwamfuta a Kano ya ce masa gyaran ba wuya, in an samu asalin rubutun da aka gina manhajar da shi, kuma akwai na sata. Yaya ya ƙi. Ya ce ya karanta lasisin kamfanin daga farko har ƙarshe, kuma ya danna cewa ya yarda.

Na ce, "Yaya, ai babu mai karanta wannan."

Ya ce, "Ni na karanta. Alkawari ne."

Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa da hannu, shafi guda gaisuwa, har da tambayar iyalinsu, sannan ya roƙi izinin gyara. Amsa ba ta zo ba. Ya ce wataƙila suna shawara ne.

To ga shi yanzu sun saki rubutun tsohuwar manhajar, da lasisin da ya ce kowa ya duba, ya gyara, ya raba. Ina tunanin da yana nan zai yi murna, sannan ya tambayi dalilin da ya sa takardar lasisin ba ta da tambari.

'Yarsa Rukayya, da ke karatun kwamfuta, ita ta kawo labarin gida. Na ce ta buɗe mu ga abin da ya hana ubanta sukuni. Ta ce, "Baffa, bari mu karanta sharuɗɗan tukuna."

Shayina ya huce kafin ta gama. Ban katse ta ba. Allah Ya jiƙan Yaya Habibu.