Miyar da Barmo Bai Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Duk wanda ya taɓa sayen hular sanyi ko lema a bakin tashar jirgin ƙasa ta Highbridge, a unguwar Bronx, ya san Barmo. Dogon Bamaraɗe ne siriri, mai wuya kamar na zalɓe, yana tsaye bayan teburinsa ko ana zafi ko ana ƙanƙara. Ba ya miƙa maka canji sai ya haɗa maka da labari, labarin kuma guda ɗaya ne: shi fa kuku ne. Ba kukun shinkafa da wake ba, kukun gidan Faransawa a Yamai, tun yana saurayi har furfura ta fara leƙo shi. Kuma akwai wata miyar naman sa da yake dafawa, wai ita burginyo, wadda in ya sauke, Bature da baƙinsa sai su yi shiru su bar surutu, su suɗe faranti da burodi har ka ga fuskarka a ciki.

Mutanen masallaci sun sha wannan burginyo da kunne har ta gundure su. Matarsa Habsatou kuwa cewa take tun da aka ɗaura musu aure ba ta ga ya dafa ko ƙwai ba.

To, sai gwiwoyi suka fara yi masa tsiya. Sanyin bara ya kusa kwantar da shi, har sai da likita ya ce in ya sake yin wani hunturun a tsaye a titi, keken guragu zai hau. Ga ganye ya fara ja, iska ta fara cizo. Ana haka Alhaji Mukhtari, mai shagunan nan biyu a Morrisania, ya kama wani wuri zai buɗe gidan abinci, yana neman mai tsaya masa a kicin. Kicin fa, wurin da wuta ke ci tun safe, ga kujera in ƙafa ta gaji. Barmo ya tare shi a ƙofar masallaci bayan Juma'a.

Alhaji Mukhtari mutum ne mai jiki, mai tabon salla a goshi, wanda in ya ga yaro da wando a ƙasan ƙugu sai ya yi masa wa'azi har motar bas ta wuce shi. Ya zauna Faransa kafin ya ƙetaro nan, kuma kullum yana cewa duk zamansa can burodi da kifin gwangwani suka riƙe shi, don tsoron haram. Ya dubi Barmo daga sama har ƙasa ya ce, “Bon. Abin nan da ka cika muna kunne da shi, dafa mini ranar Lahadi. In ya yi, kicin naka ne.”

Barmo ya ce, “An gama, Alhaji.” Sai da ya hau tudun gidansu, yana haki, sannan ya tuna inda gizo ke saƙar.

Ga abin da bai taɓa sawa a labarin ba. Ita wannan miya, ruwanta ba ruwa ba ne, jar giyar inabi ce, kwalba guda cur. A Yamai shi ke yanka nama, shi ke soyawa, shi ke jera albasa da karas, amma in an zo wurin kwalba sai ya ja da baya ya kau da kai, Madam matar Baturen ta zuba da hannunta. Ita ke jefa ’yan gutsattsarin naman nan da ba a kiran sunansa a gidan Musulmi. Ita ke ɗanɗanawa, ta ce ƙara gishiri, ko ta ce wala da Faransanci, wato ya yi. Shi hannu ne, ita ce harshe. Duk shekarun nan ko tsinin cokali bai taɓa kaiwa baki ba. Ya san ƙanshinta, ya san kalarta, ya san irin ƙarar da take yi in ta kusa nuna. Daɗinta kuwa, a fuskar Turawa kawai ya gan shi.

Da ya faɗa wa Habsatou, sai ta ajiye tsintsiya ta zauna.

“Tsaya, Baban Ramatou. Miyar da ka hana mu barci da ita, ba ka san ɗanɗanonta ba?”

“Na san ta! Baki ne kawai bai sani ba.”

“To da mi ake sanin miya? Da gwiwa?”

Ya ce wani a masallaci ya taɓa cewa in giya ta daɗe a wuta ƙarfinta fita yake, sai ɗanɗano ya rage. Habsatou ta ce shi wanin ya dafa a gidan uwarsa. Kwalba dai ba ta hawo benen nan, in kuma ta hawo, ita za ta sauka.

Maƙwabciyarsu Damata ce ta kawo shawara, ’yar zangon Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, wadda in ta ji magana da safe a Bronx, kafin la'asar an ji ta a Park Hill, ta ƙetare ruwa ba tare da jirgi ba. Ta ce, “Ei, Baaba Barmo, wannan shi ne wahala? Abu ja, mai tsami? Sobolo ke nan!” Ta koma ɗakinta ta kawo masa busasshen zoɓo cike da leda, da sharaɗin za a kira ta ranar ci. Shi kuma ya sayo ruwan inabi na kwali, wanda yara ke sha, da binega, ruwan tsamin nan na Turawa. Ya jera su a tebur yana kallo kamar mai jiran ɗayansu ya yi magana.

Ranar Lahadi tun da hantsi aka fara rigima. Barmo ya sayo naman kafaɗa wurin mahaucin halal, ya sa an yanka masa manya-manya kamar dunƙulen hannu. Habsatou ta ɗora ruwa za ta tafasa shi da albasa da magi, yadda duk ’yar halak ke yi. Ya fizge kwanon. Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta, ya dinga ɗaukar naman ɗaya-ɗaya yana tsane shi.

“Ikon Allah,” in ji Habsatou. “Nama ake gogewa kamar an fiddo jinjiri daga wanka? In kawo maka hoda?”

“Jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja, Hajiya. Matsa mini.”

Nan kam, a faɗi gaskiya, hannun Barmo ya tuna abin da ya sani. Ya zuba mai kaɗan, ya jera naman bai cunkusa ba, ya bar kowane gefe ya yi ja kafin ya juya. A madadin naman da ba a kiran sunansa ya yayyanka kitsen rago da ɗan banda. Hayaƙi ya tashi, na'urar silin mai gano hayaƙi ta kama kururuwa, Habsatou ta hau kujera tana yi mata fifita da faifai tana tsine wa Faransa da wanda ya ƙirƙiro ta. Ya soya karas da albasa da tafarnuwa, ya barbaɗa fulawa, ya jefa ganyen ƙanshin nan da Faransawa ke kira loriye. Da ya buɗe wata ’yar roba, ta leƙo ta yi salati.

“Laimar kwaɗi? A tukunyata?”

“Ta ci ce wagga. Da tsada ma.”

“Kwaɗin ma fakewa yake a ƙarƙashinta, bai ce a ci ba.”

Sai aka zo wurin kwalba, wurin da ya saba ja da baya. Yau babu Madam. Ya zuba ruwan zoɓo, ya sunsuna, bai ji ƙanshin Yamai ba. Ya ƙara ruwan inabi, sai ya ji kamar alawa. Ya ɗiga binega, hancinsa ya yi yaji. Ya ƙara zoɓo don ya kashe binega, ya ƙara inabi don ya kashe zoɓo. Kala dai ta yi, ja mai duhu kamar ƙasar jan tudu bayan ruwa. Sauran kuwa Allah masani.

Ya ce a buɗe masa obin, akwatin gashin nan da ke ƙasan murhu. Habsatou ta dube shi kamar ya ce a buɗe kabari. Tun da suka tare a gidan ba a taɓa kunna shi ba, don ita a wurinta kabad ne. Aka fiddo tukwanen suna, da kaskon masa, da muciya biyu, da ledoji cikin ledoji, da wani murfin kula da aka yi ta zargin Damata da ɗaukewa. Aka tura tukunya ciki. Barmo ya jawo kujera ya zauna gaban gilashin yana gadi, daga azahar har aka kusa la'asar, ba ya barin kowa ya buɗe.

Da ya fiddo, naman ya yi laushi har cokali ke raba shi, romon ya yi kauri yana sheƙi. Barmo ya ɗebo kaɗan. Ya hura. Ya yi bisimilla ya kai baki, ya tsaya, ya haɗiye, ya sake tsayawa.

“Yaya?” in ji Habsatou.

“Ɗanɗana ki ji.”

Ta ɗanɗana ta juya shi a baki. “Mi ya kamata in ji?”

“Ban sani ba.”

“To ni na ji tsami, na ji zaƙi, ban ji barkono ba, ban ji daddawa ba. Kamar an dafa wa marar lafiya. Haka take, ko ɓata ta ka yi?”

Barmo ya zauna jagwab. Abin da ya tsaya masa a rai ke nan. In ya ɓata, ya rasa kicin. In kuma haka take, to wannan lami ɗin ne ya yi rabin rayuwarsa yana yi wa kirari? Ya miƙa hannu wajen kwalbar yaji, ya janye. Ya sake miƙawa, aka buga ƙofa.

Alhaji Mukhtari ya shigo da babbar riga da carbi, Damata na biye da shi da nata cokalin a hannu. Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka kawo dafaffen dankali da dogon burodi. Damata ta ci loma ɗaya ta ce, “Hmm, Turawa suna haƙuri,” ta jawo yaji ta ambaɗa. Alhaji bai ko dubi yajin ba. Ya sunkuya ya shaƙi tururin. Ya gutsuri burodi, ya dangwala a romon, ya sa a baki ya lumshe ido. Ya ci nama, ya ci albasa, ya tsamo laimar kwaɗin nan ya cinye ba tare da ya tambayi mece ce ba.

Barmo ya kasa haƙuri. “Alhaji, ta yi?”

Idon Alhaji a rufe har yanzu, murya ta yi taushi kamar mai magana cikin barci. “Naman ya yi, Barmo. Walle hannunka na gaske ne. Amma ka cika zaƙi. Ta asalin ba ta da wannan zaƙin. Tana da wani ɗan ɗaci mai nauyi da ke zuwa daga baya, bayan ka haɗiye, nan can cikin maƙogwaro, ya zauna yana ɗumama ka har...”

Sai ya buɗe ido. Ya ga ido shida a kansa.

Habsatou ta gyara ɗaurin kallabi a hankali. “Ta asali, Alhaji? Ashe kifin gwangwanin Faransa har da burginyo a ciki?”

“A'a, Hajiya, ƙanshi ne. Na yi wanke-wanke a gidan abinci can, ƙanshi nake ji.”

“Ei,” in ji Damata, ta ajiye cokali, fuskarta na walƙiya kamar an ba ta kyautar zane. “Hancin Alhaji ya kai har maƙogwaro?”

Alhaji ya yi tari, ya nemi ruwa, ya ja carbi da sauri har ya sarƙe. Ya ce wani abokinsa Kirista ne ya kwatanta masa. Ya ce a'a, a talabijin ya gani. Sannan ya miƙe, bai ko gama suɗe farantin ba, ya ce yana da baƙi a shago. A bakin ƙofa ya juyo ya kama hannun Barmo da hannu biyu.

“Gobe ka zo ka karɓi makullin kicin. Kuma maganar cikin gida ta tsaya cikin gida, ko ba haka ba, Hajiya? Damata, ke ma, in an buɗe, abincinki kyauta ne.”

“Har da na Lahadi?” in ji Damata.

“Har da shi.”

Yanzu in ka shiga gidan abincin nan na Morrisania za ka hango Barmo ta ’yar taga, da farar hula, a zaune kan doguwar kujera kusa da wuta, gwiwoyinsa sun huta. Shinkafa da miya yake dafawa, da tuwo, da dambu, duk Habsatou ce ta koya masa, tana zaginsa. Burginyo ba ta cikin abincin gidan, Alhaji bai sake ambatarta ba, Barmo kuma ya daina ba da labarinta.

Sai dai wani lokaci, in ciniki ya lafa, yakan tsaya da ludayi a hannu yana tunani. Ran nan ya dawo gida ya tambayi matarsa, “Hajiya, don Allah, aikin nan, miyata ce ta samo mini shi, ko bakinki?”

Ta ce, “Kana jin sanyi?”

Ya ce a'a.

“To ci tuwonka.”

Ya ci. Amma da ta shiga ɗaki sai ya buɗe firiji, ya fiddo ragowar zoɓon Damata da aka jiƙa, ya kurɓa kaɗan ya haɗiye, ya tsaya da hannu a maƙogwaro yana jiran abin da zai zo daga baya.