Jinin Cibiya

Ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, tare muka tashi a Daudawa. Yarinyar da za ta feɗe ƙadangare don kawai ta ga abin da ke cikinsa, ai dole mutum ya sa mata ido. Ta yi karatu har ta ƙetare teku, ta dawo ta zama mai binciken ciwon daji. Wata rana ina zaune a rumfata ta hatsi a bakin titin Sheme na ji ana yabonta a rediyo, wai likitocin ƙasashe da rubuce-rubucenta suke kafa hujja. Na ce wa maƙwabcina, to da jinin wa ake yin rubutun? Ya yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba.

A shekarar ne babbar ɗiyata ta kwanta, tana da shekara bakwai. Zazzaɓi ya ƙi sauka, dasashinta na jini, ta yi fari fat. A asibitin birni aka ce ciwon daji ne na jini. Matata kuma tana da ciki wata bakwai.

Taubashiyata ta zo da kanta har gida. Kullum da baƙauye take kirana, ni in ce mata Baturiyar Daudawa. Ranar ba ta tsokane ni ba, ta zauna a tabarma ta gaishe ni da ladabi. Nan jikina ya fara ba ni akwai wata a ƙasa.

Ta ce, "Yaya, ka kawo matarka ta haihu wurinmu. In an yanke cibiya, jinin da ya rage a cikinta da mabiyiya muke so. Akwai wasu ƙwayoyi a ciki, kamar irin shuka. In sun dace da jikin yarinyar, ana iya sa mata su tsiro da sabon jini."

Na ce, "Ke mi za ki ci a ciki?"

"Ba ni cin komi. Sai dai in ka yarda in rubuta yadda aka yi, don wasu su amfana."

Ashe dai rubutun ne. A wurinmu mabiyiya ba abin wasa ba ce. Ungozoma ke wanke ta, a binne ta a bayan ɗaki, kuma duk wanda ya zo neman ta ɗan wani, mun san abin da ya kawo shi. Ga shi ta fito da takarda cike da Turanci wai in sa hannu. Na ninke takardar na ce zan yi shawara.

Ban yi shawara da kowa ba. Matata ta roƙe ni mu tafi, har da hawaye. Na ce mata hanya ba lafiya. Gaskiya ne hanya ba lafiya, amma buhunan masarata kullum ta nan suke bi. Taubashiyata ta yi ta kirana a waya, ina kallo har ta katse.

Wata rana da hantsi matata ta haihu a gida, namiji. Na tsaya a kan ungozoma har ta binne mabiyiyar ta cike ramin, sannan na ɗora dutse da hannuna. Na ji sanyi a raina, na ɗauka na tsare iyalina.

Yarinyar ta rasu bayan an kai amfanin gona gida.

Taubashiyata ta zo gaisuwa ranar uku. Da mutane suka ragu na kira ta gefe.

Na ce, "Don girman Allah ki hwaɗa mani gaskiya. Da na kawo ta ta haihu can, da yarinyar ta tashi?"

Ta ce, "Rai na Allah ne, Yaya. Sau da yawa jinin ba ya dacewa. Ko ya dace ma, aikin ba ƙarami ba ne. Kada ka sa wa ranka."

Tana maganar idonta na kan yatsun ƙafarta. Na yi mata godiya, ta tafi.

Yaron yanzu yana makaranta, kuma duk wanda ya san yayarsa sai ya ce kamar an tsaga kara. Ni ban son jin haka, tashi nake in bar wurin. Na sha ɗaukar waya in sake tambayar taubashiyata, sai in ajiye, don na san amsar nan za ta maimaita. Ina so in yarda da ita, wallahi ina so. Amma har yau ina zargin tausayina ta ji.