Allon da Ba Ya Jiran Gaisuwa

A shekarar da yanar ido ta fara rufe idon Kakata, aka ce likitocin ido za su zo wani asibiti a nan Daura, amma ba kowa za su samu gani ba, sai wanda ya riga ya kama gurbi. Ni na yi boko a gidanmu, don haka ni aka haɗa da ita.

A ɗakin jira aka kafe wata kwamfutar hannu a bango, cikin ƙarfe, faɗinta kamar allon karatu. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini bayani: manhajar da ke ciki shafi ɗaya kawai take buɗewa a intanet, na neman gurbi. In ka ɗauke hannu na ɗan lokaci, sai ta goge duk abin da ka rubuta, don kada na bayanka ya ga cutarka. Abin ya burge ni. Har na tsaya ina tunanin zuciyar da ke mance sirrin kowa saboda kunya.

Na rubuta sunan Kaka, na kai kan unguwa, sai ga ƙanwar babana daga Mai'adua ta yi sallama. Na durƙusa. Ina kwana, ya hanya, ya yara, ya mai jiki, ya aka ji da zafi. Da na miƙe, allon ya koma fari tas, yana yi mini barka da zuwa.

Na sake daga farko. Sai ga limamin unguwarmu. Shi kuwa bayan gaisuwa har addu'a ya ja mana, muka shafa. Allon ma ya shafe.

"Wai me ya hana ki gamawa?" in ji Kaka.

"Gogewa yake yi in na tsaya gaisuwa, Kaka."

"Ikon Allah! Ko allon makaranta ai sai an biya karatun ake wankewa. Wa ya raini wannan?"

Daga can ma'aikaciyar ta ɗaga murya, "'Yan mata, gurbin ya kusa ƙarewa fa!" Na sake kama rubutun daga farko. Na ƙudurta ko wa ya shigo ba zan waiga ba. Ban yi nisa ba na ji muryar Goggo ta garin Babban Mutum, wadda ke riƙe rashin gaisuwa shekara da shekaru.

"Ke! Ba 'yar gidan Yaya ba ce wannan ta ba ni ƙeya?"

Kaka ta lalubo hannuna. "Taɓawa kawai yake so? Ɗora mini yatsa a inda babu rubutu."

Na ɗora mata. Ta shiga shafa shi a hankali kamar mai lallashin jariri, tana cewa, "Yi haƙuri, ɗan nan, yanzu za ta dawo." Na durƙusa na gaida Goggo har da tambayar awakinta. Na tashi na tarar da rubutuna yana nan. Na ƙarasa, allon ya nuna Kaka ta samu gurbi.

Matar da ke bayanmu ta matso, ta hango surukarta na shigowa, ta dubi Kaka.

"Don Allah, Inna, kada ki tafi."

Kaka ta gyara mayafi, ta ce in jawo mata kujera kusa da bangon.