Zanzaro a Tiyon Aksil

Jama'a, yau ƙwaro ya kusa sa ni sayen sabon aksil, ƙarfen nan mai juya tayoyin mota!

Kafin damina, bakanikena Malam Sada ya jona dogon tiyo a ƙofar shan iskar aksil ɗin motata, ya ɗaure bakinsa can sama cikin bonet don kada ruwa ya shiga. Ɗazu na ratsa rafi a hanyar Dabawa, ruwa har ƙofa. Ina isa Dutsin-Ma sai na ga mai yana ɗiga ta tayar baya. Na garzaya wurin Malam Sada, ga masara zan kai Kurfi gobe.

Na ce, "Malam Sada, tiyonka ya ci amanata."

Ya ce, "Alhaji, mu ga man tukuna."

Ya kwance aksil ɗin. Mai garau, babu ɗigon ruwa. Ya hura tiyon, iska ta ƙi wucewa. Ya zura waya, sai ga busasshiyar laka tana zubowa. Ashe zanzaro ne ya gina ɗakinsa a ciki. Iska ta rasa mafita, ta turo mai waje.

Roba ɗaya mai hana yoyon mai kawai muka canza, alhamdu lillahi.

Yana ɗaura wa bakin tiyon raga ya ce, "Alhaji, na tare maka rafi guda, ban san kana da ɗan haya ba."